Kada Mu Ce wa Tamar Ta Yi Shiru

Karatu: 2 Sama'ila 13:1-22

Ba baƙo ne ya ɓata Tamar ba, Amnon ne, ɗan ubanta. Absalom ya ce ta yi shiru. Dawuda ya husata, amma bai hukunta kowa ba. Har yau, wanda yake yi wa yarinya ciki sau da yawa sananne ne: maƙwabci, malami, mai gidan da take aikatau, ko mai sayen kayan tallarta. Talauci, barin makaranta da kunyar iyaye wajen yi wa yara maganar balaga su ne suke buɗe masa ƙofa.

Yarinya 'yar shekara 14 ko 15 ƙugunta bai gama girma ba. Doguwar naƙuda takan kashe jaririn, ta bar uwar da yoyon fitsari, irin wanda ake gyarawa a asibitin Jankwano a Jos da Babbar Ruga a Katsina. Tsoron kora yakan sa ta ɓoye cikin, ta ƙi zuwa awo, ko ta sha maganin zubarwa har jini ya tafi da ita.

Iyaye, ku yi magana da yaranku, maza da mata, tun da wuri. In abin ya faru, a kai ta awo, a nemi namijin ya amsa laifinsa, a mai da ita makaranta. Horon ikilisiya don maido da rai ne.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare 'ya'yanmu, ka ba mu kunnen jin kukansu, cikin sunan Yesu. Amin.