Aron Littafi

Yaro mai hankali, in ya karanta littafi mai daɗi, ba ya ɓoye shi cikin akwati. Yakan gaya wa abokinsa sunan littafin, da wanda ya rubuta shi.

Wanda ya gama Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da aka buga a 1934, yakan ce, "Karanta wannan, ka sha dariyar Malam Zurƙe." Abokin kuwa sai ya ara masa Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka raba da uwarsa.

Amma ba a faɗin ƙarshen labari, kada a ɓata daɗinsa. Ta haka yara biyu masu littafi ɗai-ɗai, kowannensu zai karanta biyu.