JUYEN MAI A INJIN DIZAL

Jama'a, ga damina ta ƙarato, kowa ya duƙufa ga sharar gona da kai taki. A wannan mako ina so mu yi magana a kan wani shiri da a kan manta da shi sai ran da ruwa ya sauka, watau juyen mai a injin dizal. Maganar ta shafi mai tarakta, wadda tsofaffinmu ke ce wa tantan, ta shafi mai injin ban ruwa da mai injin niƙa, ta kuma shafi ɗan kasuwa mai akori-kura ko babbar mota da ke ɗaukar hatsi zuwa Dawanau.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Bara, a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, waɗansu manoma sun haɗa kuɗi sun sayi tarakta ta hannu. Ruwan shuka ya sauka cikin watan Yuni, ta yi kwana 4 tana aiki, ran na 5 da hantsi sai injin ya buga a tsakiyar gona. Na tambayi direban yaushe rabonsa da juye. Ya ce, "Malam, ai ban taɓa barinta ba mai ba, kullum ina ƙarawa." Da makaniki ya buɗe, sai ga mai ya yi kauri kamar kwalta, karanshaf ya ci, tilas aka ɗauke shi zuwa Kano. Taraktar ba ta koma gona ba sai bayan kwana 16. A ce tana yin eka 8 a yini, ka ga eka 128 ke nan suka zauna suna jira. Masu shanun huɗa suka ɗaga kuɗi, waɗansu mutane suka yi shukar masara a makare. Abin da ya jawo wannan duka kuwa galan 2 ne na baƙin mai da filta guda.

ABIN DA MAI KE YI A CIKIN INJI

Wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, ya ƙago wannan irin inji, ya kuwa fara aiki sosai a 1897. Bambancinsa da na fetur shi ne ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska ƙwarai har ta yi zafi, sa'an nan a fesa mata man gas ya kama da kansa. Saboda wannan matsi ƙarafunsa sun fi na injin fetur shan wahala.

Aikin baƙin mai a ciki iri 4 ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su cinye juna. Yana kwashe zafi daga wuraren da ruwa ba ya kaiwa. Yana wanke kunkunniya da garin ƙarfe ya kai su filta. Sa'an nan yana hana tsatsa. To, mai ba ya dawwama a kan wannan aiki. Zafi yana gajiyar da shi, kunkunniya tana sa shi kauri, sinadaran da aka zuba masa a masana'anta kuma suna ƙarewa. In ka zuba sabo a kan tsoho, daidai ya ke da zuba ruwan rijiya a randar da ba a wanke ba. Randa ta cika, amma daɗɗen yana nan a gindi.

Kada kuma launi ya ruɗe ka. Man injin dizal ya kan yi baƙi cikin 'yan kwanaki da zubawa, wannan ba laifi ba ne, alamar yana wanki ne. Haka nan murza shi da yatsa ba ya nuna maka ƙarfinsa. Abin da za ka bi shi ne lissafin aikin da injin ya yi.

YAUSHE ZA A JUYE

Kowane inji yana zuwa da littafinsa, abin da littafin ya ce shi ne gaba da maganata. In littafin ya ɓace, ga abin da a kan bi ga yawancinsu. Tarakta, irin su Massey Ferguson da suka yawaita a wajenmu, bayan awa 250 na aiki. Ƙaramin injin ban ruwa ko na niƙa, bayan awa 100. Mota mai bin hanyoyin karkara masu ƙura, bayan kilomita 5,000. Sabon inji, ko wanda aka sake wa ringi, a juye masa na farko da wuri, wajen awa 50, domin sababbin ƙarafa suna zubar da gari kafin su zauna.

Mu yi lissafi. Taraktar da ke aiki awa 10 a yini za ta cika awa 250 cikin kwana 25. Watau kafin a gama huɗa lokacin juye ya zo. Injin da ke ban ruwa awa 8 kullum zai cika awa 100 kafin mako 2 su cika. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a wannan yanki namu har su Bunkure da Kura, injuna da yawa ba su hutawa rani da damina. Mai irin wannan inji in ya ce sai shekara shekara zai yi juye, ya cuci kansa. Wanda kuma injinsa ya kwana rani a rumfa bai yi aiki ba, shi ma ya juye kafin ya fita da shi, gama mai yana lalacewa ko a zaune.

YADDA A KE JUYEWA

Da fari ka ta da injin ya yi minti 10 ya ɗumama, don man ya tsinke ya fito da dattinsa. Ka tsai da shi a wuri mai lebur, ka kashe, ka ja birki. Ka sa kwano mai faɗi a ƙasa, ka kwance notin gindin injin da sifana daidai da shi, ka yi hankali da hannunka don man da zafi. Ka bar shi ya tsiyaye sarai.

Sa'an nan ka cire tsohuwar filta ka yar. Waɗansu su kan wanke ta da kananzir su mayar, wannan ba ya fid da dattin da ya shige cikin takardarta. Ka shafa ɗan sabon mai a robar bakin sabuwar filta, ka ɗaura ta da hannu kawai. Ka mai da noti, kada ka matse shi da ƙarfin tsiya har zarensa ya lalace.

Ka goge bakin zubi da tsumma mai tsabta, ka zuba mai da mazurari mai tsabta. Ka duba sandar awo, man ya tsaya tsakanin zane na ƙasa da na sama. Wuce zanen sama ba alheri ba ne, yana sa mai kumfa ya kuma ɓalle ta roba. Ka ta da injin, ka ga fitilar mai ta mutu, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Ka kashe, ka jira minti 5, ka sake aunawa.

Wajen saye, yawancin injunan dizal a ƙasar zafi irin tamu suna shan mai lamba 15W-40. A jikin galan za ka ga haruffa kamar CH-4 ko CI-4. Harafin C na fari shi ke nuna na dizal ne, S kuwa na fetur. Ka sayi galan mai rufi da hatiminsa. Man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san asalinsa ba, araha kuwa ba ta ado.

Tsohon man da ya fito shi ma yana ba da labari. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga injin. In ya tsinke yana warin gas, ko ka ga awonsa yana ƙaruwa da kansa, man gas ne ke zuba ciki. In ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, wani abu yana ci. Ko wanne ka gani cikin ukun nan, kira makaniki kafin ka koma aiki.

MAN GIYA DA NA AKSIL

Giya ba ta ƙona mai, saboda haka manta ya kan daɗe, shi ya sa a ke mantawa da shi ɗungum. A mota a kan sake man giyabos da na aksil wajen kilomita 40,000, lambarsa 80W-90 ko 90 ga yawancinsu. A tarakta wajen awa 1,000, ko sau ɗaya a shekara. Amma in mota ta ratsa rafi ruwa ya kai aksil, ko tarakta ta yi aiki cikin taɓon shinkafa, a duba nan da nan, in ya yi fari a juye.

Ga dabara guda. Ka fara kwance notin zubi na gefe kafin na ƙasa. Na san wanda ya tsiyaye giya tas, ya zo buɗe wurin zubi ya tarar noti ya ƙi, motar ta kwana a nan. A mota a kan zuba har man ya kawo bakin ramin gefen. Notin ƙasa sau da yawa yana da maganaɗisu. In ka ga laushin gari a jikinsa ba kome, goge shi. In ka ga gutsattsarin ƙarfe, haƙoran giya ne ke karyewa.

Masu tarakta su lura da wannan. A taraktoci da yawa mai guda ne ke yi wa giya da aksil na baya da famfon ɗaga garma aiki, a waɗansu har birki yana cikinsa. Wannan yana da nasa mai na musamman. In ka zuba man giya mai kauri irin na mota, garma za ta yi nauyin tashi, birki ya riƙa kuka. Haka kuma mota mai canza giya da kanta, manta dabam ne, ba ya haɗuwa da kowane.

RUWA, BIRKI, GAS DA ISKA

Kada ka buɗe lagireto injin yana da zafi, tururi ya ƙona mutane da yawa. Ruwan rijiya da na kududdufi suna barin ɓawo a ciki kamar na gindin buta, ya toshe hanyoyi. Ruwan lagireto na galan shi ya fi, domin yana hana tsatsa. In babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya. Batir mai marfi kuwa ba a ƙara masa kome sai tataccen ruwan batir.

Man birkin mota yana shan danshi daga iska, a sake shi duk shekara 2. Tsohon man birki ya kan tafasa a gangara in mota ta yi lodi, ka taka ka ji fanko. Ka karanta abin da aka rubuta a marfin kafin ka ƙara, gama waɗansu taraktoci ba irin na mota su ke sha ba.

Ruwa a cikin man gas shi ne ajalin nozul da famfon gas, su ne kuwa masu tsadar gyara. A ƙarƙashin filtar gas akwai ɗan kofi da ruwa ke taruwa, ka tsiyaye shi kowace safiya. Ka cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada raɓa ta taru a ciki da dare. In a duro ka ke ajiye gas, ka bar shi ya kwanta kwana guda, kada kuma ka ɗebi na gindi.

Filtar iska ita ce hancin inji. Lokacin hunturu, da lokacin casa ko sussuka, ka duba ta kullum. Ƙurar da ta wuce ta cikin mai za ta ƙare, ta riƙa goge fistin kamar yashi. Giris kuma a bi wuraren shansa kowace safiya ga garma da haro.

TSOHON MAI

Kada a zubar da shi a gona, ko kusa da rijiya, ko cikin hanyar ruwan noman rani. Kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawa, ƙasar da ya jiƙa kuma ta kan daɗe ba ta yi tsiro ba. Masu shafa wa dabbobi shi don ƙazuwa ko kaska su bari, dafi ne, dabba tana lasa, a nemi malamin dabbobi. A tara shi a jarka mai marfi, nesa da yara, a ba makaniki. Wanda ya yi juye ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

LITTAFIN INJI

Duk abin da na faɗa ba shi da amfani in ba a san ranar da aka yi juyen baya ba. Saboda haka kowane inji a saya masa littafi na 'yan makaranta. A ja layi 4: rana, awa ko kilomita, abin da aka sake, da sunan wanda ya yi. In agogon awa na tarakta ya mutu, direba ya riƙa faɗin awoyin da ya yi kowace yamma a rubuta. A ƙungiya wannan aikin magatakarda ne, kuma daga kuɗin kowace eka da aka huɗa a ware na mai tun kafin a raba riba. Ɗan kasuwa mai mota ya tsaya a yi juyen a gabansa, ko ya ce a kawo masa tsohuwar filta ya gani.

Mutanen ƙauyen nan da na ba ku labari sun sayi nasu littafin. Ran nan na bi ta wajensu na tarar sun yi juye, an rubuta, sun kuma ajiye galan 2 da filta na juyen tsakiyar damina. Ba a fafe gora ranar tafiya, kowa ya duba injinsa cikin makon nan tun hadari bai haɗu ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan gwajin iri kafin shuka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.