Matakan Kallon Zanen Luchian na Hasumiyar Brebu

A bazarar 1908 mai zanen nan ɗan ƙasar Romaniya, Ștefan Luchian, ya je ƙauyen Brebu a yankin Prahova, ya zauna yana zana abin da ke gabansa: rijiya, bishiyoyi, da tsohon gidan ibadar Kiristoci mai doguwar hasumiya wanda sarki Matei Basarab ya gina a ƙarni na 17. Ga yadda za ka kalli irin wannan zane ka amfana.

Mataki na farko, nemi hoto mai girma a intanet, ka buɗe shi a kwamfuta.

Na biyu, ja da baya, ka ɗan runtse ido har ƙananan abubuwa su ɓace. Ina duhu ya taru, ina haske ya faɗa? Ginin ne ya danne filin, ko ganye ne ya kusa haɗiye ginin?

Na uku shi ne mai cin lokaci. Matso ka dubi bangon. Kada ka ƙirga tagogi ko ka auna kusurwa, Luchian ba taswirar magini ya yi ba. Farin bango a hannunsa ba fari zalla ba ne. Nemi ruwan ɗorawa inda rana ta bugi ginin, nemi shuɗi-shuɗi a inuwa. Sannan bi bakin bangon da ido zuwa inda ya haɗu da ganye, ka ga ko layi ne ya raba su ko launi kaɗai. A ganina gwanintar mutumin a nan take.

Na huɗu, gano abin da aka yi aikin da shi. Luchian ya yi amfani da fentin mai, ya kuma ƙware da alli mai launi. Fenti yana barin sawun burushi, alli kuwa gari-gari yake.

Sai bayan duk wannan ka waiwayi tarihinsa. Ya yi karatu a Bukarest da Munik da Faris. Lokacin da ya je Brebu ciwo ya riga ya kama shi, daga baya jikinsa ya shanye har ana ɗaura masa burushi a hannu, ya rasu a 1916. Kada tausayi ya riga idonka yanke hukunci.

Idan Allah ya kai ka Bukarest, shiga Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa da ke tsohuwar fadar sarki, akwai ayyukansa a can.