Barbados da Takunkumin Kyuba

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: shin ƙaramar ƙasa kan iya ƙin bin manyan ƙasashe a batun takunkumi?

To Malam, tana iyawa ƙwarai. Dubi Barbados, tsibirin da ke yankin Karibiyan, wanda mutanensa ba su kai 300,000 ba. Ta samu 'yanci daga Birtaniya a 1966. Ranar 8 ga Disamba 1972, a zamanin Firaminista Errol Barrow, ita da Jamaika da Guyana da Trinidad da Tobago suka ƙulla hulɗar jakadanci da Kyuba, shekara 10 bayan Shugaba Kennedy na Amurka ya ƙaƙaba wa Kyuba cikakken takunkumin ciniki. Wannan jarumta ce, domin tattalin arzikin Barbados ya dogara ne da masu yawon buɗe ido, da yawansu Amurkawa.

Duk da haka ba ta ɓata da Amurka ba. Hujjarta ta adawa da takunkumin ita ce talaka ke shan wahalarsa, wajen magani da abinci. Shi ya sa a Majalisar Ɗinkin Duniya take kaɗa ƙuri'ar a ɗage shi, Firaminista Mia Mottley ma ta sha nanata wannan kira.