Filin Kimiyya: Yadda Ake Cire Gubar Maganin Ƙwari Daga Ruwan Masana'anta

Yau za mu leƙa masana'antar da ke haɗa maganin ƙwari, mu ga abin da ake yi da ruwan da aka wanke tankuna da injuna da shi. Wannan ruwa yana fitowa ɗauke da guba. Idan aka sake shi cikin rafi haka nan, kifi zai sha, mu kuma mu ci kifin.

Me ya sa abin yake da haɗari?

Wasu magungunan, irin su DDT da lindan, wanda iyayenmu suka sani da suna Gamalin, ba sa saurin ruɓewa. Sukan daɗe a ƙasa da ruwa, su taru a kitsen dabba da na mutum. Shi ya sa Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita amfani da DDT, aka ƙara lindan a jerin a 2009. A Tarayyar Turai, doka ba ta yarda maganin ƙwari guda ya wuce maikirogiram 0.1 a litar ruwan sha ba. Ku yi lissafi: giram 1 kacal ya isa ya kai lita miliyan 10 wannan iyaka.

Rezin da aikinsa

Rezin wasu 'yan ƙwayoyin roba ne da ba su kai ƙwayar gero girma ba. Ɗaya daga cikin sanannunsu shi ne Amberlite XAD-4, wanda ake yi da polistirin, dangin farar robar nan mai sauƙi da ake kare kayan lantarki da ita a kwali. Kowace ƙwaya cike take da ramukan da ido ba ya gani. Da za a shimfiɗa bangon ramukan giram 1, sai ya haura murabba'in mita 700. Ke nan giram 10 ya yi kusan faɗin filin ƙwallon ƙafa.

Yawancin waɗannan magunguna ba sa jituwa da ruwa, kamar yadda man gyaɗa ba ya jituwa da shi. Da sun ci karo da bangon roba, sai su liƙe masa, ruwa ya wuce. A lura, wannan mannewa ce, ba tsotsewa ba. Soso yana tsotse ruwa cikin jikinsa. Rezin kuwa a kan bangonsa gubar take maƙalewa.

Matakan aikin

1. A fara tace ruwan daga laka da datti, don kada su toshe ramukan.
2. A bi da shi sannu a hankali ta cikin dogon tankin da aka cika da rezin.
3. A riƙa gwada ruwan da ke fitowa. Da zarar guba ta fara bayyana, rezin ya ƙoshi.
4. A wanke shi da sinadari irin su metanol ko asiton, sai ya saki gubar, a sake aiki da shi.

A mataki na huɗu ne rezin ya ɗara gawayin tace ruwa, domin shi gawayin galibi sai an gasa shi da zafi mai tsanani kafin ya farfaɗo.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, rezin ba ya kashe guba, tattara ta yake yi wuri guda. Dole a ƙone abin da aka tara a tanderu na musamman. Masana'antar da ta zubar da shi a bayan gari ta kashe maciji ne ba ta sare kansa ba.

Tambayar mako: Me zai faru idan aka tsallake mataki na uku? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a.