Jiki Ɗaya, Masu Ba Da Magani Biyar

Da wuya dattijo ya tsaya gaban kantata ta magani a Aboabo ciwo ɗaya ne ya kawo shi. Mai hawan jini, in ka bincika, akwai suga tare. Mai suga kuma gwiwa ta hana shi sujada sai a kan kujera. Harhaɗa magunguna ne sana'ata, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawan hannayen da ke ba mutum ɗaya magani alhali ba su san da juna ba.

Likitan hawan jini ya rubuta amlodipine ko lisinopril. Na suga ya rubuta metformin. Gwiwa kuwa ba a kai ta asibiti, jika ake turawa kemis ɗin bakin layi ya sayo diclofenac ko ibuprofen. Ɗan da ke Jamus ya aiko da kwalaben ƙarin kuzari. A cikin trotro ta Kejetia mai talla ya sayar da jiƙo mai ɗaci, wai yana wanke jini. Duka ciki ɗaya suke sauka, ƙoda ce ke biyan bashin.

Ina yawan tambayar iyayenmu mata, "Mama, ban da na asibiti me kike sha?"

"Ba komai, ɗana."

"Na gwiwa fa?"

"Ai wannan ɗan na ciwon jiki ne kawai."

To, ɗan na ciwon jikin nan shi na fi tsoro. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya ƙara hawa. Ga lafiyayyen saurayin da ya sha na kwana uku, da sauƙi. Amma ƙodar da suga da hawan jini suka shekara goma suna ci, aka ɗora mata wannan kullum safe da yamma, ba ta da inda za ta sa kanta. In mutum yana kan lisinopril da ƙwayar sa fitsari kuma ya haɗa da shi, haɗarin ya fi haka. Ƙoda ba ta kuka da wuri. Kafin ƙafa ta kumbura, ko a lura fitsari yana kumfa, sau da yawa an yi nisa. Idan ta yi rauni, metformin ɗin ma ba ya fita daga jiki yadda ya kamata, dole likita ya rage shi ko ya canja. Ƙarshen wannan hanya injin wankin ƙoda ne, irin na asibitin Komfo Anokye da muke kira Gee: sau biyu ko uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu. Gwajin jini da na fitsari sau ɗaya a shekara yana nuna matsalar tun ana iya tare ta. Gwiwa kuwa a fara da paracetamol da na shafawa, a kuma faɗa wa likita.

Shi ya sa nake roƙo, ranar asibiti a kwashe komai a zuba a leda ɗaya, har jiƙon, har na Jamus ɗin, a ajiye gaban likita. Babu kunya a ciki. A sayi ɗan littafin makaranta a riƙa rubuta awon jini da na suga da kwanan wata, kowane likita ya gani.

Sai batun tukunya. An ce wa mai suga ya rage tuwo da waakye da kokon safe mai sukari. An ce wa mai hawan jini ya ci ayaba da ganyen kontomire. Wanda ƙodarsa ta taɓu kuma ana iya ce masa ya yi hattara da ayabar da ruwan kwakwa. Mutum ɗaya ne ya ji duka ukun, ya dawo gida ya rasa abin da zai sa a baki. Gidajenmu na Zango kuwa tukunya ɗaya ake ɗorawa, kuma ba Alhaji ke girki ba. Don haka a tafi asibitin da wadda ke girkin, ita ce za ta ji bayani. Abin da cututtukan uku suka yarda a kai shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi da koobi da shito duk suna cikin lissafin. Goro ba zan ce a daina ba, garin da fataucinsa ya kawo kakanninmu wa zai saurare ni? A dai rage, kuma kada a ci gab da awon jini.

Maganar azumi tun Rajab ake fara ta da likita. Maganin suga irin glibenclamide yana iya faɗar da suga da rana tsaka. In awo ya nuna ƙasa da 3.9, ko aka ji rawar jiki da gumi mai sanyi, a sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. Mai ciwon ƙoda da ke shan ƙwayar fitsari ya tambayi malaminsa hukuncin ciyarwa, shari'a ta yi masa rangwame.

Wasu kuma katin inshorar lafiya ne ke mutuwa, sai su ajiye magani su ce ai jinin ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi, ana dainawa zai koma. Tun 2003 aka kafa dokar inshorar, kuma magungunan hawan jini da na suga na yau da kullum suna cikinta. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin inshora na shekara. Sabuntawa ba sai an bi layi ba, a waya ake yi da *929#. 'Ya'ya da jikoki, ku da wayar ke hannunku, ku duba yaushe na Baba da na Mama za su ƙare.