Mace mai ƙwanji

Mai karatu, ka taɓa auna nauyin da mace take ɗauka daga asuba zuwa azahar? Lita guda ta ruwa, kilo guda ce. Ke nan bido mai lita 20, in ya cika, kilo 20 ne. Mace takan ɗauko shi daga rijiya zuwa gida, ta koma, ta sake komawa. Kamin nan, ita ce ta ja wasaki da hannunta. In ta ƙare, ga turmi da taɓarya suna jiran ta. Ba wanda ke cewa aikin nan ya hi ƙarhinta.

Amma bari damtsenta ya hito, kafaɗunta su buɗe. Sai ka ji ana cewa: "Wance kam, sai ka ce namiji!" Wata uwar har tana tsoron kar ɗiyarta ta rasa miji. A wajen mutane da yawa, mace kyakkyawa ita ce mai jiki, mai taushi. Shi ya sa wasu mata ke sayen ƙwayoyin ƙiba a kasuwa. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan kumbura jiki kawai suke yi, kuma suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Ɗan kokowa kuwa, in ya shigo hili yana nuna ƙwanji, kirari ake yi mishi. Ana son ƙarhin mace a bakin turmi, amma ba a son a gan shi a jikinta.

Ba mu kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Akwai wani wasa da ake ce ma ɗaga ƙarhe. Sanda ce ta ƙarhe, an jera mata faya-fayai masu nauyi dama da hagu. Mai wasa zai ɗaga ta daga ƙasa har bisa kanshi, hannuwa a miƙe. Ɗagawar iri biyu ce. Ta farko, gaba ɗaya ake cira sandar sama. Ta biyu, sai an aza ta bisa kafaɗu tukuna, sannan a tura ta sama. Maza suna wannan wasa a gasar Olimpik tun 1896. Mata kuwa, sai a shekarar 2000, a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, aka buɗe musu ƙofa. Shekara ɗari har da huɗu! A shekarar nan, wata ƴar Najeriya, Ruth Ogbeifo, ta zo ta biyu a ajinta, ta samu lambar azurfa.

Ga labarin wata ƴar ƙasar Masar, sunanta Sara Ahmed. An haihe ta a 1998, a wani ƙauye na jihar Isma'iliyya. Ubanta da wanta masu ɗaga ƙarhe ne, a wajensu ta ga wasan. A 2016, tana da shekara 18, ta tahi gasar Olimpik a birnin Riyo na ƙasar Barazil. Nauyin jikinta bai wuce kilo 69 ba. A ɗagawar farko ta cira kilo 112. A ta biyu, kilo 143. Ka lissafa da kanka: bido bakwai ke nan cike da ruwa, har da ɗori. Ta zo ta uku, aka rataya mata lambar tagulla. Ita ce mace ta farko daga Masar da ta hau dandalin karɓar lamba a Olimpik. A 2024, a birnin Paris, ta zo ta biyu.

Sara ta yi wasanta da kallabi, hannuwa da ƙafahu a ruhe. A da, doka ba ta yarda da haka ba, don alƙalai suna son su ga gwiwa da gwiwar hannu a hili. Wata musulma mai zama Amurka, Kulsum Abdullah, ita ce ta kai kuka, aka sake dokar a 2011.

To, shin ɗaukar nauyi yana maida mace namiji? A'a. A cikin jinin mutum akwai wani sinadari da likitoci ke ce ma testosteron. Shi ke sa gemu, da kaurin murya, da manyan tsokoki. Mace ma tana da shi, amma na namiji ya ninka nata sau goma ko hiye. Don haka mace za ta iya ƙara ƙarhi ƙwarai, muryarta tana nan, huskarta tana nan. Inda abin ke ɓaci shi ne in an sha magungunan kumbura tsoka. Waɗannan kam suna sa ma mace gemu, su lalata hanta, kuma dokar wasanni ta hana su.

Ke ƴar'uwa, ga abin da ya shahe ki. In mace ta manyanta, al'adarta ta tsaya, ƙashinta yakan fara rauni. Faɗuwa kaɗan, sai karaya. Tsoka mai ƙarhi tana riƙe ƙashi, tana tsare mutum daga faɗuwa. Hukumar lahiya ta duniya tana ba kowane baligi shawara, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako.

Sai dai a lura, wahala ba motsa jiki ba ce. Sara tana da mai koya mata, tana cin cimaka mai gina jiki, tana hutawa. Mace mai dakon ruwa ba ta da ko ɗaya. Kaya mai nauyi bisa kai, kullum kullum, yana gajiyar da wuya da baya, balle ga mai ciki ko yarinya ƙarama. Abu guda dai za mu iya ara daga masu ɗaga ƙarhe. Ba su duƙawa da baya. Sukan matso kusa da kayan, su lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, sannan su tashi da ƙarhin cinya. In buhu ya yi nauyi, a kama shi mutum biyu. Maigida ma yana da hannu.

Tambayoyi:
Kilo nawa Sara ta ɗaga in an haɗa ɗagawa biyu?
Bido nawa ake kawowa gidanku a yini? Kilo nawa ke nan, kuma wa ke ɗaukowa?